Darasi Ga Ma'aunin Ƙasa: Yadda Za Ya Riƙe Sana'arsa Ya Ci Riba Ba Tare Da Zalunci Ba

Ya mai karatu, wataƙila kai ma'aunin ƙasa ne, wanda jama'a su ke kira safiyo, kana da kamfani naka da yara ƙarƙashinka; ko kuwa kana koyon aikin a hannun wani, kana sa zuciya wata rana ka tsaya da ƙafafunka. Ka kasa kunne ga wannan darasi. Akwai mutane da yawa waɗanda suka gwanance ga awo, hannunsu ba ya kuskure, duk da haka sa'ad da wata ya ƙare ba su da abin biyan ma'aikatansu. Wannan ba ƙaramin hatsari ba ne, gama mutumin da bashi ya shaƙe masa wuya, shi ne mai kuɗi ya kan same shi da sauƙi, ya ce masa, "Matsa mini iyakar nan kaɗan." Saboda haka riƙon kasuwanci da kyau garkuwa ce ga gaskiyarka.

1. Nauyin da ke kanka

Awon ƙasa tsohuwar sana'a ce a Nijeriya. Herbert Macaulay, jikan Bishop Samuel Ajayi Crowther, ya koyo ta a Ingila, ya yi wa gwamnatin Ikko aiki, a shekara ta 1898 kuwa ya bar aikin gwamnati ya kama na kansa. A ƙasar Kano, zamanin mulkin Turawa, akwai malaman taki, waɗanda suka riƙa auna gonaki da takin ƙafa domin a yanka haraji. Ƙungiyar ma'auna ƙasa ta Nijeriya ta samo asali tun 1934, makarantar tarayya ta koyon awo kuma tana garin Oyo.

A shekara ta 1978 aka kafa Dokar Amfani da Ƙasa, wadda ta sa ƙasar kowace jiha amana a hannun gwamna. Mai neman takardar shaidar mallaka daga gwamna sai ya kawo taswirar filinsa. A 1989 kuma aka kafa majalisar da a ke kira SURCON, wadda ta ke rajistar ma'auna. Wanda ba shi da rajista ba shi da izinin sa hannu ga taswira. Ka lura fa: takardar da ka sa wa hannu yau, da ita banki za ya ba da rance, da ita alƙali za ya yanke shari'a, da ita kuma za a raba gado sa'ad da kai da mai filin kuna cikin kabari.

2. Ka san abin da aiki ya ci maka

Kuskure na fari ke nan, mutum ya yanka lada tun bai ƙidaya abin da za ya kashe ba. Bari mu yi misali. Lambobin nan na koyarwa ne, kai ka sa naka a gurbinsu.

A ce an kira ka awon wani fili, aikin kwana 2. Man mota ya ci naira 30,000, ladan mataimaka 30,000, turaku da siminti 10,000, abin da a ke biya a ofishin gwamnati 20,000, bugun taswira 5,000. Duka 95,000 ke nan. Ka karɓi 120,000, ka koma gida da murna kana cewa ka ci ribar 25,000.

Amma ka dakata. Na'urar da ka yi awo da ita, a ce ka saye ta miliyan 6, za ta yi maka shekara 5, kowace shekara kwana 200 na aiki. Kwana 1,000 ke nan, watau kowace rana tana cin naira 6,000 ko da ba ka gani ba. Kwana 2 sun ci 12,000. Hayar ofis, da wuta, da albashin akawu, da gyaran mota, a ce rabon wannan aiki a cikinsu 20,000 ne. Ka tara duka, 127,000. Ashe hasarar 7,000 ka yi, ba a ma sa ladan guminka da ilminka ba tukuna. Mai yin haka yana cin na'urarsa kaɗan kaɗan, ran da ta mutu kuwa ba shi da abin sayen wata.

Kada kuma ka yi aikin bana da lissafin bara. A shekara ta 2023 aka janye tallafin man fetur, darajar naira kuma ta faɗi, sai kuɗin tafiya da na kayan awo, waɗanda daga ƙasashen waje a ke kawo su, suka hau ƙwarai. Ka sake duban lissafinka lokaci lokaci. Ka nemi ma'aunin lada na ƙungiyarku a jiharka, ka tsaya kusa da shi. Wanda ya karya farashi domin ya ƙwace aikin ɗan'uwansa, tilas ya rage wani abu cikin aikin domin ya fita, araha kuwa ba ta ado.

3. Ka rubuta sharaɗi tun da fari

Kafin ka ɗauki kaya zuwa daji, ku zauna da mai aikin ku rubuta: wane fili ne, me za ka ba shi a ƙarshe, kwana nawa, nawa ne lada, wa za ya biya kuɗin gwamnati, wa za ya sare ciyawa a kan iyaka. Ka karɓi kafin alƙalami wanda za ya ɗauki nauyin tafiya da ma'aikata, sauran kuwa ran da ka miƙa taswira. Kowane kuɗi da ya shiga hannunka ka ba da rasit, ko na ɗan'uwanka ne. Idan mai aiki ya ƙara wani abu a tsakiya, ka faɗa masa ƙarin ladan nan take da murya mai taushi. Kada ka yi shiru don kunya, sa'an nan ka riƙe shi a zuci.

Kada ka jingina gidanka ga bango ɗaya. Babban aiki na gwamnati ko na attajiri yana da daɗi, amma idan biya ya yi jinkiri wata shida, da me yaranka za su ci? Ka haɗa manya da ƙanana: filayen gidaje, gonaki, yankan unguwa sabuwa, awon hanya da magudanar ruwa ga masu gini. Idan kana da ayyuka uku a gefe ɗaya na gari, ka gama su cikin tafiya guda. Ka tuna kuma da damina, sa'ad da shuka ta rufe gonaki, hanya ta lalace, awon kwana ɗaya ya zama na kwana uku. Abin da ka samu da rani, ka ajiye rabonta a ciki.

4. Aljihu biyu

Kuɗin kamfani dabam, kuɗin gidanka dabam. Ka yi wa kamfaninka rajista, ka buɗe masa asusu nasa a banki, ka yanka wa kanka albashi kamar kowane ma'aikaci, kada ka wuce shi. Kafin alƙalami ba naka ba ne tukuna, amana ce har ka gama aikin. Wanda ya yi biki da shi, sai ya yi aikin wannan da kuɗin wancan, har ranar da igiyar ta tsinke.

Ka riƙe littafi, ko na takarda ko cikin kwamfuta, ka rubuta shiga da fita kowace rana kafin ka kwanta. Ƙarshen kowane wata ka tambayi littafin abu uku: nawa ya shigo, nawa ya fita, su wa na ke bi bashi. Ka bi bashinka da ladabi tun yana ɗanye. Ka biya haraji da kuɗin sabunta rajistarka a kan kari.

5. Kayan aiki da gwaji

Mutanen dā da sarƙa suka yi awo, irin wadda Edmund Gunter ya tsara a Ingila wajen 1620, mai tsawon ƙafa 66. Yanzu akwai na'urori masu karɓar saƙo daga taurarin ɗan Adam, da jirage marasa matuƙi masu ɗaukar hoto daga sama, waɗanda ba a tashinsu don aiki sai da izinin hukuma. Kada ka ci bashi ka sayi abin da za ya kwana cikin akwati wata goma a shekara domin a ce kai ma kana da shi. Ka yi haya, ko ku haɗa hannu da wani amintacce, har aiki ya yawaita.

Na'ura mai tsada ba ta ɗauke maka gwaji. Tsofaffin taswirorin Nijeriya an kafa su bisa tushen awo na Minna, na'urar GPS kuwa bisa wani tushe dabam ta ke ba da lambobinta. Wanda ya gauraya su ba tare da juyawa ba, filinsa za ya faɗa nesa da wurinsa da mita gommai, har cikin na wani. Saboda haka ka fara daga turken gwamnati sananne, ka kewaya, ka komo inda ka tashi, ka ga ko lissafi ya rufe. Sa'a ɗaya ta gwaji ta fi komawa daji da kuɗin aljihunka. Aikin da aka yi sau biyu, ladansa ɗaya ne.

6. Ma'aikatanka

Yaron da ke riƙe maka sanda cikin rana, idonka ne a can ƙarshen layi. Idan ka riƙe masa lada, ko ka bar shi da yunwa, kada ka yi mamaki ran da mai fili ya saye shi da abin da bai kai kuɗin tuwo ba. Ka biya ma'aikata kafin ka biya kanka. Ka ba su ruwa, da takalma saboda maciji da ƙaya. Ka koya musu aikin, kada ka ɓoye don tsoron su fi ka. Gama kamfanin da ba ya motsi sai mai shi yana tsaye, ran da ya kwanta ciwo ya rufe ke nan.

7. Ajiyar takardu

Kowane aiki ka ba shi lamba, ka adana littafin daji da taswira da lambobin turaku, kwafi ɗaya a ofis, ɗaya a wani wuri saboda gobara da gara. Ka kai kwafin da doka ta nema ofishin Babban Safiyo na jiha, kada ka karɓi kuɗinsa ka zauna a kai. Abuja da Kaduna da Kano da waɗansu jihohi sun sa bayanan filaye cikin kwamfuta, taswirar da ta hau kan wata ba ta daɗewa ba a gane ta ba. Takardunka dukiya ce: bayan shekara goma ɗan mai fili za ya zo nema, idan ka fito masa da ita nan da nan, ka sami shi da dukan danginsa.

8. Hatiminka da iyakar maƙwabci

Ga jarabobi biyu waɗanda suka fi kā da masu wannan sana'a. Ta fari, wani marar rajista ya kawo maka taswirar filin da ba ka taka ba, ba ka kuwa aiki kowa ba, ya ce ka buga hatimi a ba ka wani abu. Kuɗi ne mai sauƙi, amma shaidar zur ce, gama hannunka yana cewa ka sani, alhali ba ka sani ba. Idan ta ɓaci, sunanka za a kira a kotu, rajistarka kuma ita ce a bakin wuta.

Ta biyu, matsa turke. Filin gida mai ƙafa 50 da ƙafa 100, murabba'in ƙafa 5,000 ne. Idan ka matsa iyaka ƙafa ɗaya tak a gefen tsawo, ka ɗebe murabba'in ƙafa 100, watau kashi ɗaya cikin hamsin na filin wani. Sau da yawa kuwa mai filin nan gwauruwa ce, ko marayu, ko wanda ya yi tafiya, gama ba a kan matsa wa mai ƙarfi. Tun cikin Attaura aka hana wannan, a Kubawar Shari'a sura 19 da sura 27, littafin Misalai kuma ya sake faɗakarwa a kansa. Daga ƙafa ɗaya ɗin nan 'yan'uwa su kan daina gaisawa, jikoki su gāji shari'ar da ba su san mafarinta ba.

Ga abin da za ka yi. Kafin ka kafa turke, ka sa a kira maƙwabta na kowane gefe, da mai unguwa ko dagaci, kowa ya gani da idonsa. Idan gardama ta tashi, ka naɗe kayanka, ka ce su daidaita tukuna, gama kai ma'auni ne, ba alƙali ba. Idan wani ya miƙo maka toshiyar baki, ka ƙi da sakin fuska, ka faɗa masa a fili abin da awo ya nuna. Wataƙila ka rasa wannan aiki. Amma mai ajiya a asusu ya iya ƙi ya kwana lafiya, shi ya sa muka fara da lissafi. Labari kuwa ya kan zaga. Ko wanda ka ƙi yi wa ƙarya, ran da shi ne mai sayen fili, kai za ya nema, domin ya san ba a sayenka.

Ya mai karatu, kada ka ajiye takardan nan ka ce sai wata rana. Yau da dare ka ɗauki aikinka na ƙarshe, ka yi masa lissafi kamar yadda muka yi a sama, ka ga ko riba ka ci ko hasara. Idan kuwa akwai wani turke da ka san ba a wurinsa ya ke ba, ka tafi ka gyara tun kana da iko.

Tambayoyi

1. Waɗanne kuɗi ne aiki ya ke ci waɗanda ido ba ya gani ran awo?
2. Don me ba daidai ba ne a kashe kafin alƙalami cikin hidimar gida?
3. Me za ka amsa wa wanda ya kawo taswira domin ka buga mata hatimi kawai?
4. Su wa ya kamata su halarta kafin a kafa turken iyaka?
5. Ta yaya kyakkyawan lissafi ya ke taimakon mutum ya ƙi cin hanci?