Darasi A Kan Ciwon Mara Mai Tsanani Da Hanyoyin Maganinsa

 Ya ƴan'uwa Musulmi, darasinmu na yau ya shafi wata cuta ta mata wadda likitoci ke kira andometiriyoz. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana kama mace 1 cikin 10 daga masu shekarun haihuwa.

Asalinta shi ne wani nama mai kama da shimfiɗar cikin mahaifa ya tsiro a wajenta, kamar a kan ƙwan mace. Duk lokacin haila sai ya kumbura ya yi jini, alhali jinin ba shi da mafita. Daga nan ake samun azabar ciwon mara, da zafi lokacin saduwa, wani lokaci har da jinkirin haihuwa. Wannan cuta ce ta jiki, kada a ɗora ta a kan aljani ko kishiya.

Har yanzu babu maganin da ke kawar da ita ɗungum, amma akwai hanyoyin sauƙi guda uku.

Ta farko, maganin rage zafi irin su ibuprofen. Mai gyambon ciki kada ta sha sai da izinin likita.

Ta biyu, ƙwayoyi ko allura ko robar da ake sawa a mahaifa, masu rage haila ko tsayar da ita. Suna hana ɗaukar ciki muddin ana amfani da su, saboda haka mai neman haihuwa yanzu ta gaya wa likita tun farko. Wadda hailarta ta tsaya, salla da azumi suna kanta. Idan kuwa jini yana ɗiga, sai ta tambayi malami bambancin haila da istihala.

Ta uku, tiyata ta ƙananan huda a ciki don cire naman, ko da yake yana iya dawowa. Cire mahaifa kuwa matakin ƙarshe ne, ga wadda ta gama haihuwa.

Ya kai maigida, kada ka ce raki ne, kada kuma ka yi gaggawar saki don rashin haihuwa. Ka kai iyalinka wurin likitan mata, domin lafiyarta amana ce a wuyanka.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.