Keke Tsakanin Kwari da Tudu: Darasi Daga Hanyar Kogin Romanche

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa hawa keke ya san cewa ba kowace hanya ce ke cin ƙarfi daidai ba. Mutum kan yi tafiyar awa biyu a shimfiɗaɗɗiyar hanya bai ji komai a jikinsa ba, amma hawan tudu na minti goma ya sa shi haki, har ya sauka ya tura keken. Wannan darasi zai bayyana dalilin haka ta hanyar lissafi mai sauƙi. An zaɓi wata hanya a kudu maso gabashin Faransa don misali, saboda an auna tsawonta da hawanta sosai, kuma ta haɗa kwarin kogi da tudu a tafiya guda.

Hanyar ta tashi daga birnin Grenoble, ta bi kwarin Kogin Romanche zuwa wani ƙaramin gari mai suna Bourg d'Oisans, tafiyar kilomita 50 ko kusa da haka. Daga nan sai ta rabu da kogin, ta hau tsauni zuwa Alpe d'Huez, tsawon kilomita 13.8, da kwana 21 masu tsanani. Wannan hawa ya yi suna a babban tseren keke na Faransa, wanda aka fara a 1903. An fara kai tseren can a 1952, kuma Fausto Coppi ɗan Italiya ne ya riga kowa isa sama.

Yadda kogi ke share hanya

Ruwa ba ya hawa tudu. Kullum gangara yake nema, yana tafe yana zaizaye dutse, yana kwasar yashi da tsakuwa yana zubarwa a gaba. A kusa da mafarinsa kogi kan gangaro da ƙarfi, amma yana nisa gangararsa tana lafawa. Bayan dubban shekaru sai a sami kwari mai sauƙin bi a tsakanin duwatsu. Wannan ne ya sa masu aikin hanya ke bin gefen kogi duk inda suka sami dama, domin ruwa ya riga ya yi musu rabin aikin.

Kwarin Romanche ya sami ƙarin gyara. Tulin ƙanƙara da ya rufe yankin a zamanin da ya zurfafa shi. Sa'an nan a 1191 ƙasa ta zaftare ta toshe kogin, ruwa ya taru ya zama tafki a filin Bourg d'Oisans. A 1219 toshiyar ta ɓalle, ambaliya ta auka wa Grenoble. Lakar da ta kwanta a ƙarƙashin ruwa tana cikin abin da ya sa filin ya zama a baje kamar faifai.

Ana auna hawan hanya da kashi cikin ɗari. Idan hanya ta ɗaga mita 1 a cikin kowace mita 100, an ce hawanta kashi 1 ne cikin 100. Grenoble tana bisa tekun duniya da kimanin mita 210, Bourg d'Oisans kuma kimanin mita 720. Wato an hau mita 500 a cikin kilomita 50, matsakaicin hawa kashi 1 ke nan, ko da yake akwai wuraren da suka fi haka. Daga Bourg d'Oisans zuwa Alpe d'Huez kuwa ana hawan kimanin mita 1,100 a cikin kilomita 13.8, wato kashi 8.

Abubuwa uku da ke ja da mai keke

A ɗauka nauyin ɗalibi da kekensa kilogiram 80 ne. Ƙasa tana jan kowane kilogiram da ƙarfin da ya kai kimanin niyuton 10, saboda haka tana jan su da niyuton 800.

Abu na farko shi ne janyowar ƙasa. A kan hawa, wani kaso na wannan niyuton 800 yana jan keke baya, kuma kason daidai yake da hawan hanyar. A kwari, kashi 1 na 800 shi ne niyuton 8. A tudu, kashi 8 na 800 shi ne niyuton 64.

Na biyu shi ne tirjiyar taya. Taya takan ɗan lotsa a inda ta taɓa ƙasa, kuma wannan lotsawa tana cin ƙarfi. A kan kwalta mai kyau, da taya mai isasshiyar iska, abin bai wuce niyuton 4 ba. A kan yashi ko da saɓulallar taya yakan ninka sau da yawa.

Na uku shi ne turin iska. Shi wannan ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu, domin idan gudu ya ninka biyu, turin iska ninkawa huɗu yake yi. Ga wanda ya zauna a miƙe kan keke, yakan kai kimanin niyuton 9 a gudun kilomita 20 cikin awa, ya kai 37 a gudun kilomita 40, amma a gudun kilomita 8 bai cika 2 ba.

Yanzu sai a haɗa. A kwari, a gudun kilomita 20, jimillar ita ce 8 da 4 da 9, wato niyuton 21. Kilomita 20 cikin awa daidai yake da mita 5.6 a daƙiƙa. Idan aka ninka 21 sau 5.6 za a sami kimanin wat 120, wanda shi ne yawan aikin da ƙafafu ke yi a kowace daƙiƙa. Matashi mai lafiya zai iya jure wannan na tsawon awoyi. A tudu kuwa, a wannan gudun, jimillar ita ce 64 da 4 da 9, wato niyuton 77, kuma aikin ya haura wat 430. Wannan sai gwanayen tsere. Amma idan ɗalibin ya rage gudu zuwa kilomita 8, wato mita 2.2 a daƙiƙa, jimillar za ta zama niyuton 70, aikin kuma ya sauko kimanin wat 150. Ashe ke nan tudu ba ya hana hawa, gudu yake hanawa. Ɗalibin zai ci kilomita 50 na kwari cikin awa biyu da rabi, sa'an nan kilomita 13.8 na tudu su ɗauke shi kusan awa ɗaya da minti 45.

Amfanin giya da kwana

Rage gudu kaɗai bai isa ba. A ɗauka faifan sarƙa na gaba yana da haƙora 48, na baya kuma 16. Duk juyin feda ɗaya zai juya taya sau 3, kuma da yake kewayen taya kimanin mita 2.1 ne, keke zai ci mita 6.3. A gudun kilomita 8, wato mita 133 a minti, feda za ta juya sau 21 kacal a minti, kowane taku kuma sai an danna da dukkan nauyin jiki. Nan da nan cinya za ta gaji. Idan aka sauya giya zuwa haƙora 34 gaba da 34 baya, juyi ɗaya zai ci mita 2.1, feda ta juya sau 63 a minti, nauyin kowane taku ya ragu zuwa sulusi. Giya ba ta rage yawan aikin, tana dai rarraba shi ƙanana-ƙanana ne yadda jiki zai iya ɗauka. Sai a 1937 aka yarda duk masu tseren Faransa su yi amfani da na'urar sauya giya suna tafe.

Kwana 21 ɗin nan ma irin wannan dabara ce. Da an miƙe hanyar sak zuwa sama, da ta gajarta ƙwarai, amma hawanta ya gagari keke da mota. Da aka lanƙwasa ta dama da hagu sai ta ƙara tsawo, hawan ya yi sauƙi. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa.

Gangara da haɗarinta

Ɗaga kilogiram 80 zuwa mita 1,100 yana buƙatar 80 sau 10 sau 1,100, wato jul 880,000 na makamashi. Jikin mutum kan mayar da kimanin rubu'in abin da ya ƙona ne kawai zuwa aiki, sauran ya zama zafi, shi ya sa gumi ke tsiyaya kuma shan ruwa ya zama dole.

Wannan makamashi bai ɓace ba, yana jiran lokacin saukowa. Wani kaso iska ce ke cinye shi, saura kuma birki ne zai mayar da shi zafi. Jul 880,000 ya isa ya ɗora ruwa kusan lita 3 daga zafin ɗaki har ya kai ga tafasa. Idan aka riƙe birki ba saki, ƙarfen taya yakan yi zafi, robar birki ta daina kamawa, wani lokaci tayar ta fashe. Saboda haka ana taka birki ne kafin kwana, a saki, a sake kamawa. Haka kuma iska tana ƙara sanyi da kimanin digiri 6.5 a kowace mita 1,000 da aka hau, don haka mai jiƙaƙƙiyar riga yakan ji ɗari a gangara.

Kammalawa

Wannan lissafi ba na Faransa kaɗai ba ne. Wanda ya taɓa bin Hawan Kibo, a hanyar Akwanga zuwa Jos, ya ga yadda hanya ke lanƙwasa don ta hau tudun Filato, ya kuma ga manyan motoci na rarrafe da ƙaramar giya. Dokar da ke aiki a kan keke ita ce ke aiki a kansu. Mai shirin doguwar tafiya a keke ya kamata ya san hawan hanya kamar yadda ya san tsawonta, ya duba iskar taya da birki kafin ya tashi.

Aikin yi

1. Malami ya kai ɗalibai wani tudu kusa da makaranta. A riƙe sanda mai tsawon mita 2 a kwance daidai, bakinta ɗaya na taɓa ƙasa ta wajen hawa, a auna tazarar ɗaya bakin daga ƙasa. Idan an sami santimita 10, hawan kashi nawa ne cikin 100?

2. Wani manomi ya ɗora buhu mai kilogiram 50 a kan keke, shi da keken kuma kilogiram 80 ne. Niyuton nawa ke jan sa baya a hawa mai kashi 5?

3. A ƙirga haƙoran faifan gaba da na baya na wani keke, a auna kewayen tayarsa, a lissafa mita nawa yake ci a juyin feda ɗaya.