Ajiyar Ko-ta-kwana: Darasi Kan Adana Bayanan Kasuwanci a Kwamfuta

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar shanu ta Potiskum ranar Laraba ya san cewa ba duk ciniki ne ake biya nan take ba. Dillali na riƙe da lissafin fatake, mai mota na riƙe da na dillali, wani kuma sai shanu sun isa Legas ko Fatakwal kafin kuɗi su dawo. A da, wannan lissafi yana cikin littafi ne ko cikin ka. Yanzu mafi yawansa ya koma cikin waya da kwamfuta, haka ma na masu kantin magani, da gidajen mai, da makarantun kuɗi. Wannan maƙala za ta duba yadda ake adana irin waɗannan bayanai, da yadda ake bin sawun matsala idan ta taso. Da yake mu ɗaliban harshe ne, za mu ɗan tsaya a kan sunayen abubuwan.

Kalmomin aiki

Babbar kwamfutar da ke riƙe da bayanai tana raba wa sauran, marubutan fasaha a jaridun Hausa sun daɗe suna kiran ta uwar garke. Sunan ya dace, domin inda ta nufa nan sauran ke bi, idan kuma ta kwanta aiki ya tsaya. Faifan da ke cikinta shi ne ma'adana. Kwafin da ake ɗauka a ɓoye saboda ɓacin rana, masu gyara na ce masa bakof, amma ni na fi son ajiyar ko-ta-kwana, don ko tsohuwa ta ji ta gane.

Mai wuyar suna ita ce ta ukun. Akwai manhajoji irin su VMware da Hyper-V da Proxmox, waɗanda ke raba kwamfuta guda ta zama kamar huɗu ko goma, kowace da babbar manhajarta da aikinta. Kamar gidan haya ne: ɗakuna daban, makullai daban, amma rufi ɗaya da mitar wuta ɗaya. Wani abokin karatuna ya ba da shawarar a ce uwar garke ta gizo, tunda ana ganin ta amma ba a taɓa ta. Na yi masa musu da farko, don ni da na tashi da Karekare a gida, gizon da na fara sani a Hausa shi ne na tatsuniya, mai wayo da ƙarya. Amma tunda an karɓi yanar gizo, na sallama.

Ka'idar uku, biyu, ɗaya

Masana harkar suna da ka'ida mai sauƙin riƙewa: kwafi 3 na kowane bayani, a kan ma'adana iri 2, kuma 1 daga ciki ya kasance nesa da wurin aiki. Sharaɗin ƙarshe shi aka fi yi wa sakaci, kuma mu mutanen Potiskum ba ma bukatar dogon bayani a kansa. A watan Mayun 2012 'yan bindiga sun afka wa kasuwar shanu, suka kashe mutane da dama, suka cinna wuta. A watan Maris na 2016 gobara ta cinye dubban shaguna a kasuwar Sabon Gari ta Kano. Wanda kwamfutarsa da filashinsa ke aljihun tebur ɗaya, a irin wannan rana kwafi ɗaya gare shi, ko da ya ɗauka biyu ne.

Manyan kamfanoni ma ba su tsira ba. Ranar 10 ga Maris 2021 wuta ta kama cibiyar bayanai ta kamfanin OVH a birnin Strasbourg na Faransa, gini guda ya ƙone ƙurmus, miliyoyin shafukan intanet suka ɗauke. Wasu abokan cinikin sun biya kuɗin ajiyar ko-ta-kwana, sai daga baya suka gane cewa a harabar da ta ƙone aka ajiye ta.

To sai mai karatu ya ce, ai sai a tura komai Google Drive a huta. A nan ma akwai gyara. A watan Mayun 2013, bayan an kafa dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa, an rufe layukan waya, Yobe ta yi kimanin wata biyu babu sabis. Wanda lissafinsa ke intanet kaɗai, a lokacin yana da dukiya a rumbu amma babu tsani. Ko da akwai sabis, a yi wannan lissafi: gigabait 500 a kan layi mai gudun megabit 10 a daƙiƙa zai ci kusan sa'o'i 111 kafin ya sauko, wato fiye da kwana huɗu, in har wuta da layin ba su yanke ba. Don haka ana bukatar na kusa saboda sauri, da na nesa saboda gobara.

Abubuwan da ke kama da ajiya

Akwai tsarin da ake haɗa faifai biyu su riƙa rubuta abu ɗaya a lokaci guda, ana kiran sa RAID. Yana da amfani idan faifai ɗaya ya mutu. Amma idan ma'aikaci ya goge fayil bisa kuskure, ko ƙwayar cutar kwamfuta mai kulle bayanai don neman fansa ta shiga, duka biyun za su ɗauki ɓarnar tare. Haka babban fayil da ke daidaita kansa da intanet yake: abin da ka lalata a nan, zai lalace a can. Shi ya sa ake son faifai ɗaya da ake cirewa a kai gida bayan an gama kwafi.

Uwar garke ta gizo kuma tana da abin da ake kira hoton yanayi, wanda ake ɗauka kafin a yi wani babban gyara domin a iya komawa baya. Matsalarsa ita ce yana zaune a kan faifan da ainihin bayanan suke, kuma yana kumbura kullum. Idan aka manta da shi wata da watanni, sai ya cika ma'adana, duk 'yan hayar gidan su tsaya cak a lokaci ɗaya.

Idan matsala ta taso

Kada a fara da kashewa da kunnawa ba ji ba gani. A fara tambaya: me aka canza jiya? Daga nan a bi daga ƙasa zuwa sama. A duba wuta da batir da waya tukuna, domin a garinmu ɗaukewar lantarki da zafin bazara da ƙurar hunturu su ne manyan abokan gaban na'ura. Fanka ta toshe, kwamfuta ta yi zafi, ta kashe kanta. Sannan a duba ko faifai ya cika. Sannan a karanta rajistar da manhaja ke rubutawa da kanta, wadda ke nuna lokaci da wurin da abu ya karye. Idan ɗaki ɗaya ne ke ciwo, laifin na ɗakin ne. Idan duka ne, a tuhumi gidan. Faifan da ya fara ƙas-ƙas kuwa, a daina rubutu a kansa, a kwashe abin da zai kwasu.

Gwajin dawowa

Ranar 31 ga Janairu 2017 wani injiniyan kamfanin GitLab ya goge rumbun bayanan da ake aiki da shi, yana zaton kwafinsa na biyu ne. Kamfanin na da hanyoyin ajiya har 5, amma da aka je ɗaukowa sai aka tarar ba su aiki yadda aka zata. Abin da ya cece su wani kwafi ne da aka ɗauka sa'o'i 6 kafin lamarin, kuma aikin waɗannan sa'o'i ya tafi ke nan. Ba su riƙa gwada dawo da ajiyar akai-akai ba sai ranar da wuta ta kama gemu.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Bara na je wani shagon buga takardu neman kundin yayana na digiri, wanda aka buga shekaru da suka wuce. Mai shagon ya nemo shi a tsohon faifai, muka yi murna. Da aka buɗe sai ga duk ƙ da ɗ da ɓ sun rikiɗe sun zama baka da wasu alamomi. An buga shi ne da irin tsofaffin haruffan Hausa na kwamfuta, su Rabi'at da Abdalla, kuma ba a ajiye haruffan tare da kundin ba. Sai da muka yi kwana uku muna neman wanda ke da su. Saboda haka duk mai kundi a hannu yanzu ya yi amfani da haruffan Yunikod, ya fitar da kwafin PDF, ya tura wa kansa ta imel. A ƙarshen kowane wata kuma ya je kwamfutar da ba tasa ba, ya sauko da kwafin, ya buɗe babi na uku ya ga ko ƙugiyoyin suna nan.