A Kai wa Saniya Ruwa, Kada a Kai Ta Bakin Dam

Daga watan Maris zuwa saukar damina, zafi a Jibia yakan haura digiri 40. A wannan tsakanin ne kowa ke gangarawa madatsar ruwan da aka gina kan Kogin Gada a 1989, wadda ke iya riƙe ruwa kubik mita miliyan 142 idan ta cika. Makiyayi ya koro shanu, masunci ya jefa koma, yara su faɗa wanka, mai noman rani ya kunna injin. Ruwan kuwa sai ja da baya yake yi, yana barin laka da ɗanyar ciyawa a gaɓa. Wannan gaɓar ita ce abin da nake so mu yi magana a kai, domin a nan ne cutar kifi da cutar saniya da ta yaro suke haɗuwa.

Bari mu fara da misalin bauna. A Indiya da Pakistan da Masar ana kiwon bauna a gida, ana tatsar nono, ana huɗa da ita. Ba irin baunar dajin Yankari ba ce. Baƙa ce, gashinta kaɗan, kuma kafofin gumi a fatarta ba su kai na saniya yawa ba, ko kusa. Saboda haka idan rana ta take, sai ta kwanta cikin ruwa ko taɓo kafin jikinta ya huce. Indiya ta buɗe cibiyar bincike a kan bauna a garin Hisar tun 1985. Abu biyu masana suka tabbatar. Na farko, idan aka yi mata inuwa aka riƙa yayyafa mata ruwa a garke, zafin jikinta yana sauka, nono ya ƙaru, ko ba ta je kududdufi ba. Na biyu, zaman da take yi a bakin ruwa ne ke jawo mata tsutsar hanta.

Mu Allah Ya hutar da mu. Bunaji da Rahaji da Bokolo, da Azawak da ke shigowa daga Nijar, shanu ne masu tozo da leɓe, masu gumi sosai, ba su buƙatar kwanciya a taɓo. Abin da suke so ruwan sha ne da inuwa. To me ya sa za mu bar su su wuni tsaye a laka, su kwaso cutar da bauna ke kwasa don dole?

Ga yadda cutar ke tafiya. Saniya mai tsutsar hanta ta yi kashi a ruwa, ƙwai ya ƙyanƙyashe, ya shiga jikin ƙaramin dodon koɗi. Daga nan ya fito ya manne a ciyawar gaɓa, wata saniya ta ci. Ba a ganin komai nan take. Sai bayan watanni ka ga dabba tana ci amma tana ramewa, cikin fatar idonta ya yi fari, ƙarƙashin haɓarta ya kumbura da ruwa, nono ya ragu. Tambayi duk mahaucin da ka sani, zai gaya maka hantar da yake zubarwa saboda ta yi tauri, tsutsa fala-fala kamar ganye na fitowa daga cikinta. Asarar mai dabba ce tun kafin a kai ga wuƙa, don dillali a kara ya riga ya karya mata kuɗi.

Shawarata ga mai garke: ka sa kwami ko rabin duro nesa da gaɓa, a ɗebo ruwa a zuba, ko ka shayar a rijiya ko burtsatse. Babbar saniya a bazara tana shan lita 40 zuwa sama a yini, mai shayarwa ta fi haka. Idan ba makawa sai an je dam, a zaɓi wuri mai yashi ko tsakuwa, a sha a wuce, kada a yi kiwo a ɗanyar ciyawar bakin ruwa. Na san wannan ita ce magana mai wuya, don a watan Afrilu ba inda ake ganin tsanwa sai nan. Idan an yanko ta, a shanya ta bushe ƙayau, a ajiye ta daɗe kafin a ba dabba. Zafin rana yana rage ƙwayar cutar ƙwarai.

Kiwo kuma a fita da sassafe, a dawo inuwa kafin azahar, a sake fita bayan la'asar. Gawo ya fi kowace bishiya amfani a nan, tunda da rani yake fitar da ganye, 'ya'yansa kuma abinci ne. Mai turke a gida ya yi rumfar kara mai tsawo, don kwano mara rufi gasa dabba yake yi. Ka ƙirga numfashinta: idan ya wuce 60 a minti ɗaya, ko ta buɗe baki tana haki da dalala, a jiƙa mata wuya da ƙafafu. Wanda ya sayi saniyar madara mai jinin Turai ya ninka kulawa, ita ce ke fara jigata. Masu lodin shanu daga Magamar Jibia zuwa Kudu kada su cusa mota, kada su tsaya da kaya a rana ba tare da shayarwa ba.

Batun magani, albendazol yana kashe manyan tsutsotsin hanta ne kawai, tiriklabendazol ke kaiwa ga ƙanana. Ba a ba saniya albendazol a farkon ciki, kuma kowane magani yana da kwanakin da ba a shan nono ko yanka. Malamin dabbobi ya auna maka gwargwadon nauyi. Rabin awo da ake bayarwa don tattali shi ke sa tsutsa ta daina jin magani.

Kifi ma ta hannun dodon koɗi yake samun nasa rabon. Ƙurajen nan ruwan ɗorawa da ake gani a naman karfasa tsutsa ce da ke zagaye tsakanin dodon koɗi da kifi da zalɓe. A cikin tarwada kuma akan tarar da sirara masu murɗewa. Malaman Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma sun sha samun tsutsotsi a cikin kifayen madatsun jihar nan. Masunci da mai gyaran kifi su daina watsar da kayan ciki a gaɓa, inda tsuntsu zai ci ya mayar da ƙwan cikin ruwa. A tona rami a binne. Uwargida kuma kada ta tsorata: kifin da ya dahu har ƙashi, ko ya sha banda sosai, ba tsutsar da ke rayuwa a cikinsa.

Mai kiwon tarwada a tanki ko tamfol ya sani cewa ruwa mai zafi ba ya riƙe iska da yawa: a digiri 20 lita ɗaya tana ɗauke da kusan miligiram 9 na iskar numfashi, a digiri 35 sai ta koma wajen 7. Kifin da ya galabaita shi ƙwayoyin fata ke hawa. In ka ga yana goga jiki a bango, yana ƙin abinci, ko fararen ɗigo sun fito masa, ka fara da canza ruwa da rage cunkoso. Sannan ka yi masa wankan gishiri, giram 10 a kowace lita, na kimanin minti 20, kana tsaye a kansa, ka cire shi da zarar ya fara kifewa. Sabbin 'ya'yan kifi a ware su mako 2 kafin a haɗa, kuma kada a jefa musu ɗanyen kifin dam.

Yaron da ke fitsarin jini bayan wanka a wannan ruwa tsargiya ce, ita ma ta jikin dodon koɗi take fitowa. Ba alamar balaga ba ce. A kai shi asibiti a ba shi maganin da ake kira firazikwantel.

Kogin Gada bai san iyaka ba, shi ne ke zama Gulbin Maraɗi idan ya shiga Nijar. Don haka ina kira ga Sarkin Fulani da Sarkin Ruwa da Sarkin Pawa na ɓangarorin biyu, tare da malaman dabbobi na ƙaramar hukuma, su zauna su ware mashayar shanu daban da wurin kamun kifi da wurin wankan yara, kafin bazara ta kama.