Gino Watkins (1907–1932): Tsakanin Jirgin Sama da Kwalekwalen Fata

An haifi Henry George Watkins, wanda aka fi sani da Gino, a Landan a 1907. Gwanin hawan duwatsu ne, ya kuma koyi tuƙin jirgin sama yana ɗalibi a Kambirij. Daga 1930 zuwa 1931 ya jagoranci ayarin da ya binciki hanyar jiragen sama ta kan Girinlan. Ƙananan jirage biyu sun taimaka wajen zana taswirar gaɓar gabas, amma dabarar farauta cikin kwalekwalen fata a hannun mutanen Inuwit ya koye ta. A Agustan 1932 ya fita farauta shi kaɗai. Aka tsinci kwalekwalensa a kife, ba a ga gawarsa ba. Nazarin rayuwarsa ba ya cika sai an ba ilimin Inuwit matsayinsa.