Darasi na Uku: Ƙuri'arku da Kuɗin Zaɓe a Idon Doka

Ya ku matasan Bauchi da za ku kaɗa ƙuri'a a karon farko, ku sani wannan haƙƙi bai zo wa kowa a lokaci guda ba. A zaɓen 1959, wanda bayansa Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ya ci gaba da riƙe muƙamin Firayim Minista, matan Arewa ba su kaɗa ƙuri'a ba. Sai a 1976, shekarar da aka ƙirƙiri Jihar Bauchi, suka fara. Tsarin Mulkin 1979 kuma ya sauko da shekarun zaɓe daga 21 zuwa 18.

Me Tsarin Mulki ya tanada?

A Amurka kowace jiha tana da nata kundin tsarin mulki. A Najeriya kuwa Kundin 1999 shi kaɗai ya game jihohi duka. Sashe na 14 ya tabbatar da cewa iko na jama'a ne. Sashe na 77 da na 117 sun ba duk ɗan ƙasa mazaunin Najeriya da ya cika shekara 18 damar yin rajista domin zaɓen majalisun dokoki. Sashe na 42 ya haramta nuna bambanci saboda ƙabila, addini, jinsi ko asali. Saboda haka mai sayar da tumatir a kasuwar Muda Lawal da attajiri mai tireloli, ƙuri'a ɗaya ɗaya gare su.

Hukumomi biyu ne ke gudanar da zaɓe. Ta ƙasa, wato INEC, ita ke shirya zaɓen shugaban ƙasa, gwamna, sanatoci 3, 'yan Majalisar Wakilai 12 da 'yan Majalisar Dokokin Jiha 31. Zaɓen ƙananan hukumomi 20 kuwa aikin hukumar zaɓe ta jiha ne, wadda sashe na 197 ya kafa.

Me ya sa aka yi wa kuɗi iyaka?

Idan babu linzami, mai dukiya zai danne muryar mai cancanta, wanda ya ci kuma zai fara da biyan bashin masu gidansa kafin ya tuna da rijiyar unguwarku. Don haka sashe na 225 ya wajabta wa kowace jam'iyya ta bayyana wa INEC kadarorinta da inda take samun kuɗi. Ya hana ta ajiye dukiya a ƙasar waje, kuɗin da aka aiko mata daga can kuma dole ta miƙa wa hukumar cikin kwana 21.

Dokar Zaɓe ta 2022, wadda aka yi zaɓen 2023 a kanta, ta ƙayyade abin da ɗan takara zai kashe a wancan lokacin: gwamna naira biliyan 1, sanata miliyan 100, ɗan Majalisar Wakilai miliyan 70, ɗan majalisar jiha miliyan 30. Ta kuma hana mutum ɗaya ba ɗan takara gudummawar da ta wuce miliyan 50. Sayen ƙuri'a laifi ne a kan mai bayarwa da mai karɓa, hukuncinsa tara ko ɗauri ko duka biyun.

Naku aikin

Doka ba ta tsare kanta. Ku yi rajista, ku karɓi katinku, kada ku damƙa shi ga kowa. Wanda ya miƙa muku kuɗi ko taliya a bakin rumfar zaɓe, shekara huɗu na rayuwarku yake son saye da abin da ba zai kai mako ba. Ku sanar da jami'an tsaro ko ofishin hukumar zaɓe mafi kusa.

Tambayoyin bita

1. Wace hukuma ce ke shirya zaɓen kansilan mazaɓarku?
2. Me ya wajaba jam'iyya ta yi da kuɗin da aka aiko mata daga waje?
3. Wa doka ke hukuntawa idan aka sayi ƙuri'a?