Yadda Ake Gane Ainihin Faɗin Filat Kafin a Biya Kuɗinsa

A manyan biranen Nijeriya, musamman Legas da Abuja da Fatakwal, tsadar fili ta sa masu gine-gine sun karkata ga gidajen bene masu hawa da yawa, inda ake sayar da kowane filat ga mai shi daban. Galibin masu saye kuwa sun saba da ƙidayar ɗakuna kawai, wato a ce ɗaki uku da falo, ba tare da tambayar faɗin wurin ba. Sai dai filat biyu masu yawan ɗakuna iri ɗaya suna iya bambanta ƙwarai wajen girma, kuma a nan ne kuɗin mutum kan zurare bai sani ba.

Ma'aunin da ake amfani da shi a hukumance shi ne murabba'in mita, tun bayan da Nijeriya ta koma tsarin awo na mita a shekarun 1970, ko da yake har yanzu dillalai da magina ba su bar lissafi da ƙafa ba. Murabba'in mita ɗaya ya yi daidai da murabba'in ƙafa 10.76. Saboda haka filin nan da aka sani mai ƙafa 50 da 100 bai wuce murabba'in mita 465 ba, ɗaki mai ƙafa 10 da 12 kuma yana da kimanin murabba'in mita 11.

Babbar matsalar ita ce, adadin da ake bugawa a takardar talla ba ya bayyana daga ina aka fara awon. Wani kamfani yakan auna daga wajen bango zuwa wajen bango, wani daga cikin bango, wani kuma ya haɗa har da baranda da rabon da ya faɗo wa filat ɗin daga matakala da wurin lifta da hanyar wucewa da dukkan mazauna benen suke bi. Kowane daga cikinsu zai ce adadinsa gaskiya ne, amma ba abu ɗaya suka auna ba.

Kaurin bango kaɗai ya isa misali. Idan filat yana da tsawon mita 12 da faɗin mita 10 daga waje, faɗinsa murabba'in mita 120 ke nan. Bulo mai inci tara idan aka yi masa filasta ciki da waje yakan kai kaurin santimita 25, don haka daga ciki tsawon zai koma mita 11.5, faɗin kuma mita 9.5, wato murabba'in mita 109 da 'yan kai. Abin da bangon waje ya cinye ya kusa girman ɗaki guda, kuma ba a riga an cire bangayen da suka raba ɗakuna da ginshiƙai ba.

Hanyar da ta fi dacewa wajen kwatanta farashi ita ce a raba kuɗin gida da faɗin da za a zauna a cikinsa. Alal misali, filat ɗin da aka sa wa naira miliyan 60 aka ce murabba'in mita 150 ne, kowane murabba'in mita ya kama naira 400,000. In aka auna aka tarar wurin zama 120 ne kacal, farashin ya koma naira 500,000, ƙarin kashi 25 cikin ɗari ke nan. Wani filat mai naira miliyan 63 da ainihin cikinsa ya kai 140 ya fi shi araha, domin nasa ya tsaya a naira 450,000. Har ila yau, a wasu gine-ginen bisa faɗin filat ake raba kuɗin hidima na shekara, irin su gadi da man janareta da gyaran lifta, don haka adadin da aka kumbura zai ci gaba da bin mai gida muddin yana wurin.

Wannan ruɗani bai tsaya ga Nijeriya ba. Shi ya sa a shekarar 2013 ƙungiyoyin ƙwararru daga ƙasashe da dama suka hallara a hedkwatar Bankin Duniya da ke Washinton domin fito da ƙa'idar awon gine-gine ta bai-ɗaya, wadda ɓangarenta na gidajen zama ya fito a 2016.

Haɗarin ya fi yawa ga wanda ya biya kuɗi tun ginin yana kan takarda, domin babu abin da zai sa wa tef ɗin awo. Irin wannan mai saye yana bukatar zanen filat ɗin mai ɗauke da tsawo da faɗin kowane ɗaki, a kuma rubuta a cikin yarjejeniya irin awon da aka bi da abin da za a mayar masa idan gini ya kammala aka sami ragi. Wanda zai sayi ginannen filat kuwa yana iya ɗaukar ƙwararren mai kimanta kadarori da ke da rajista da hukumar ESVARBON, wadda aka kafa da doka a 1975, ya auna masa ɗaki-ɗaki, ya ware faɗin baranda da wurin ajiye mota da ɗakin 'yan aiki daban, kafin lauya ya shirya takardun sa hannu.